Yadda za ki sauƙaƙa wa kanki wahalhalun ɗaukewar al'ada da abin da ke cikin gidanki

A bazarar da yayata ta cika shekara 47, sau uku ta sha maganin zazzaɓin cizon sauro a cikin wata biyu, kuma ko sau ɗaya ba a ɗibi jininta an gwada ba. Abin da take ji shi ne wani zafi da ke taso mata daga ƙirji, ya haye wuya, ya mamaye fuska, zufa ta karyo mata har ta jiƙe wuyan rigarta, bayan 'yan mintuna kuma ta ji sanyi-sanyi kamar an watsa mata ruwan randa. Da yake a Sakkwato muke, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, babu wanda ya ga abin mamaki a zufar. Wata maƙwabciya ta ce ciwon shawara ne, wata kuma ta ce a nemo mai ruƙiyya, domin a ganinta zafin da ke zuwa ya tafi a tsakar dare ba na lafiya ba ne. Sai da wata ma'aikaciyar jinya daga dangin mijinta ta zo gaisuwa, ta ga yadda take fifita da gefen hijabi, ta ce mata, "Hajiya, yaushe rabonku da ganin al'ada a kan lokacinta?" Tambayar nan ita ce ta warware matsalar da aka kwashe watanni ana yi wa maganin da ba nata ba.

Abin da ke faruwa a jikin mace a waɗannan shekaru sananne ne. Ma'ajiyar ƙwai biyu da ke gefen mahaifa su ne ke samar da sinadarin da likitoci ke kira istirojin, wanda ke tsara zuwan al'ada, yake kiyaye ƙarfin ƙashi da damshin gaba, yake kuma da hannu a yadda ƙwaƙwalwa ke daidaita ɗumin jiki. Idan shekaru suka ja, samar da sinadarin yakan fara tangal-tangal, wata ya yi yawa, wata ya yi ƙasa, kafin daga baya ya ragu gaba ɗaya. Wannan lokaci na tangal-tangal yakan ɗauki shekaru, kuma sau da yawa shi ya fi wahalar da mace, domin al'ada tana nan ba ta tafi ba, amma ta daina bin ƙa'idar da aka santa da ita. Ba a cewa al'ada ta ɗauke sai mace ta yi wata 12 a jere ba ta ga jini ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga mafi yawan mata hakan kan faru ne tsakanin shekara 45 zuwa 55. Wani dogon bincike da aka yi a kan dubban mata a Amurka, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2015, ya nuna cewa matan da zafin jiki da zufar dare ke yawan damu sukan yi kimanin shekara bakwai suna fama da su, baƙaƙen fata kuma sukan kai kusan shekara goma. Na kawo wannan lissafi ne domin ki gane cewa abin ba na mako biyu ba ne, saboda haka ya cancanci ki yi masa tsari na zama, irin wanda za ki iya riƙewa ba tare da kin gaji ko kin talauce ba.

Matakin farko bai buƙatar ko kobo. Ki samu ƙaramin littafi, ko ki yi amfani da kalandar da ke rataye a ɗakinki, ki riƙa rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke da yawansa, sannan ki riƙa yin ɗan zane a duk lokacin da zafin ya taso miki, tare da abin da kika ci ko kika sha kafin nan. Idan rubutu ba ya yi miki sauƙi, 'yarki ko ƙanwarki za ta iya yi miki. A cikin wata ɗaya ko biyu za ki fara ganin abubuwan da ke tayar miki da zafin, waɗanda ba lallai su zama irin na ƙawarki ba. Littafin zai kuma yi miki amfani a wajen ibada, domin rikicewar jini a wannan lokaci kan jefa mata da yawa cikin shakku game da salla da azumi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, mai al'ada sananniya takan ƙara kwana uku a kan kwanakin da ta saba idan jini ya zarce, matuƙar jimillar ba ta wuce kwana 15 ba, kamar yadda muka karanta a Ahalari tun muna yara. Amma yanayin kowace mace daban ne, don haka ki tafi wa malamarki ta Islamiyya da lissafinki a rubuce, ta ba ki hukunci a kan abin da ya tabbata.

Zafin jiki da zufar dare

Kowane tashin zafi yakan ɗauki minti ɗaya zuwa biyar, kuma abin da ke jawo shi shi ne ƙwaƙwalwa ta zama mai saurin ɗauka cewa jiki ya yi zafi fiye da kima, ko da ɗan ƙaramin ƙari ne aka samu, sai ta buɗe jijiyoyin fata ta saki zufa. Saboda haka duk dabarar gida tana komawa ne ga hana wannan ɗan ƙarin aukuwa, da kuma gaggauta sanyaya jiki idan ya auku. Ki fara da tufafi. Atamfa ta auduga zalla da sakakkiyar riga sun fi leshi da yadin roba nesa ba kusa ba, kuma hijabin da yawancinmu ke saye a kasuwa na yadin roba ne mai riƙe zafi kamar leda. Ki ɗinka ko guda biyu na yadin auduga mara nauyi domin fita da rana, ki kuma rage ɗaurin ɗankwali mai kauri idan kina cikin gida, domin ta kai da wuya zafi ya fi fita. A jakarki kada a rasa mahuci da gorar ruwa da ƙaramin tawul. Idan kin ji alamar zafin na tasowa, ki kurɓi ruwa mai sanyi, ki jiƙa tawul ki ɗora a bayan wuya, ki ja numfashi a hankali ta hanci ki sake shi a hankali ta baki. Jan numfashin ba zai hana zafin zuwa ba, gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna yana rage yawansa ba, amma yana kwantar da bugun zuciya da firgicin da kan biyo shi, musamman idan a cikin taron biki abin ya same ki.

Dare ya fi wuya, domin zufar dare ita ce ke sace barci, rashin barci kuma shi ne ke haifar da rabin ƙorafin da ake yi da rana, wato kasala da mantuwa da saurin fushi. Yayata ta samu sauƙi da wani tsari mai sauƙin bi. Bayan sallar isha'i takan watsa ruwa mai ɗan sanyi, ta sa zane ɗaya na auduga, ta ajiye wani busasshe a gefen filo domin canji, ta kuma ajiye ƙaramin tulu da moɗa da jiƙaƙƙen tawul a cikin kwano kusa da gado. Ta cire ledar da ke lulluɓe da katifarta tun ranar da aka sayo ta, ta shimfiɗa tabarmar kaba a kai a lokacin bazara, domin katifar soso ba ta barin zafi ya fita. Idan babu wuta sai ta fito tsakar gida ta kwana a cikin gidan sauro, wanda bai kamata a bar shi ba saboda zafi, domin zazzaɓin gaske yana nan bai je ko'ina ba. Ki ajiye waya tun kafin ki kwanta, ki tsayar da lokacin kwanciya guda, kuma idan za ki yi ƙailula kada ta wuce rabin sa'a, kada kuma ta kai la'asar.

Daga cikin abin da ake ci da sha, waɗanda mata suka fi ambata a matsayin masu tayar da zafi su ne yaji da barkono mai yawa, da abin sha mai tururi, da duk abin da ke ɗauke da sinadarin kafin. Na ƙarshen nan ya shafe mu ƙwarai, domin goro cike yake da shi, haka ma shayi da kofi da wasu lemunan kwalba. Ba na cewa ki yi ban kwana da goro, na san matsayinsa a wurin iyayenmu mata, amma ki gwada barinsa daga azahar zuwa dare na tsawon mako biyu, ki duba littafinki ki ga ko an samu canji. Haka za ki yi wa yaji, abu ɗaya a lokaci ɗaya, domin idan kika bar komai a tare ba za ki san wanda ke da laifi ba, kuma za ki takura wa kanki a banza. Taba sigari da shisha kuwa babu gwaji a kansu, suna ƙara zafin, suna raunana ƙashi, suna kuma gaggauta ɗaukewar al'adar kanta. Idan kina da ƙiba, rage ko kaɗan ne daga nauyinki yakan rage yawan zafin. A watan azumi ki rarraba shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur maimakon ki kwankwaɗe shi a zama ɗaya, ki kuma rage soye-soye da shayi mai kauri a sahur.

Abincin da ke riƙe ƙashi da zuciya

Akwai wata illa da ba a jin zafinta sai ta yi nisa. Da zarar istirojin ya ragu, ƙashi yakan fara zaizayewa da sauri a shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada, kuma wannan ne asalin ranƙwafewar baya da karayar ƙugu da muke gani ga kakanninmu daga ɗan zamewa a banɗaki. Ƙashi yana buƙatar sinadarin kalsiyam, kuma hukumomin lafiya a Amurka sun ba da shawarar miligiram 1,200 a rana ga macen da ta haura shekara 50. Kofi ɗaya na madara yana ɗauke da kimanin miligiram 300. A nan Allah ya yi mana baiwa, domin abincin da muka gada daga iyayenmu ya fi na kanti dacewa da wannan buƙata. Nono da kindirmo suna kan gaba, kuma fura da nono da rana abinci ne cikakke idan aka rage sukari, sai dai ki saya a wurin wadda kika san tana tafasa madararta kafin ta kwana, domin ɗanyar madara kan ɗauko cututtuka daga shanu. Garin kuka da ganyen zogale suna da kalsiyam mai yawa, haka ma riɗi wanda ba a sheƙe ɓawonsa ba, da ƙananan busassun kifi da ake ci har da ƙayarsu. Miyar kuka da aka daka mata ƙananan kifi, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, cokali ɗaya ko biyu na soyayyen riɗi a cikin kunu, duk abubuwa ne da ake samu a kasuwar unguwa ba tare da an je babbar kasuwa ba. Muhimmin abu shi ne ɗaya daga cikinsu ya shiga cikinki kowace rana.

Kalsiyam ba ya shiga jiki yadda ya kamata sai da bitamin D, wanda fata ke haɗawa idan rana ta taɓa ta. Abin mamaki ne a ce mace a Sakkwato tana iya rasa rana, amma hakan na faruwa, domin da yawa daga cikinmu daga ɗaki sai ɗaki, idan za a fita kuma a rufe ruf. Ki riƙa zama a tsakar gida da hantsi na ɗan lokaci, hannuwa da ƙafafu a buɗe, kina tsinke zogale ko kina gyaran shinkafa, kafin rana ta yi zafin da ba a iya jurewa.

Waken suya yana da wani sinadari mai kama da istirojin a siffa, sai dai ƙarfinsa bai kai ko kusa ba. Binciken da aka yi a kansa bai zo da murya ɗaya ba: wasu mata sukan samu raguwar zafi kaɗan bayan makonni da yawa suna ci, wasu kuma ba su ganin komai. A ganina ya cancanci gwaji, domin ko bai rage zafin ba abinci ne mai gina jiki kuma mai araha. Ki ci awara sau uku ko huɗu a mako, amma maimakon a soya ta cikin mai a bulbule ta da yaji, ki yanka ta a cikin miya ko ki gasa ta, ko kuma ki haɗa garin waken suya da na gero a kunu. Ƙwayoyin da ake sayarwa a kwalba da sunan an tace wannan sinadari wani abu ne daban, kuma macen da ta taɓa yin ciwon dajin nono kada ta kusance su sai da izinin likitanta.

Bayan ɗaukewar al'ada hawan jini da ciwon zuciya da ciwon suga sukan ƙara kusantar mace, don haka gishiri ya zama abin lura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da gishirin da ke cikin magi, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin dunƙulen. Kanwa ma tana ɗauke da irin sinadarin da ke cikin gishiri, don haka a rage ta a miya da wake da kunu. Daddawa, da kuma albasa da tafarnuwa waɗanda fadamunmu suka yi suna a kansu, za su cike miki gurbin ɗanɗano. Zoɓo, wanda mu a nan muke cewa soɓo, yana ɗan saukar da hawan jini idan ana shan sa ba tare da tulin sukari ba, kuma da sanyinsa yana da daɗi a lokacin zafi, amma mai shan maganin hawan jini ta gaya wa likitanta kafin ta mayar da shi abin shan kullum, kuma kada ta ajiye maganinta saboda shi. Idan kuma kina cikin masu zubar da jini mai yawa a shekarun rikicewar al'ada, ki ƙara cin hanta da nama da wake da ganye, ki kuma nisanta shan shayi da lokacin cin abinci, domin shayi kan hana jiki zuƙar sinadarin da ke gina jini.

Motsa jiki shi ne abokin tafiyar abinci a wannan aiki. Bai cika rage yawan zafin ba, amma yana gyara barci, yana kwantar da hankali, yana riƙe ƙashi da tsoka, yana kuma sassauta ciwon gwiwa da kafaɗa. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta nema shi ne aƙalla minti 150 a mako, wato rabin sa'a sau biyar, da kuma aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Matsalarmu ita ce a daidai shekarun da jiki ya fi buƙatar motsi, a nan ne 'ya'ya da surukai ke karɓe mana tsintsiya da taɓarya don girmamawa. Ki karɓi girmamawar, amma ki riƙe wani aikin. Ki taka da ƙafa zuwa Islamiyya ko gidan 'yan'uwa da sassafe ko bayan la'asar maimakon hawa keke-napep, ko ki zagaya tsakar gida da sauri bayan sallar asuba kina lazimi. Ki tashi ki zauna a kan kujera sau goma ba tare da dafa komai ba, ki huta, ki maimaita. Jarkar ruwa mai lita biyar nauyinta kilo biyar ne, ta ishe ki ɗagawa don ƙarfafa hannu da baya.

Bushewar gaba da kayan mata

Wannan ita ce maganar da aka fi jin nauyin faɗa, kuma ita ce aka fi cutar da mata a kanta. Idan istirojin ya ragu, fatar cikin gaba takan yi siriri, ta bushe, ta rasa santsinta, har saduwa ta zama da zafi ko ƙuna, wani lokaci fitsari ma ya riƙa yi wa mace raɗaɗi ko ya yawaita. Saɓanin zafin jiki da kan lafa da kansa bayan shekaru, bushewar ba ta cika tafiya ba idan ba a kula da ita ba. Mace a wannan hali, musamman idan tana da abokiyar zama mai ƙuruciya, takan ji tsoron kada maigida ya juya mata baya, kuma a wannan tsoro ne masu tallan kayan mata ke samun kasuwa. Garinmu ya yi suna a wannan sana'a, ba na musun cewa wasu haɗe-haɗen da ake ci, irin na dabino da aya da kwakwa, abinci ne kawai marasa illa idan ba a cika zaƙi ba. Haɗarin yana cikin abin da ake cusawa ko ake zama a cikinsa da sunan matsi. Alif da bagaruwa aikinsu shi ne tsotse ruwa da ƙanƙance fata, kuma bagaruwar nan ita ce majemanmu ke jeme fatar jar akuya da ita. Ki auna da hankalinki abin da za ta yi wa fatar da ta riga ta bushe ta yi siriri: tsagewa, zubar jini, da buɗe ƙofa ga cuta. Haka nan wanke ciki da sabulu mai ƙamshi, da tsarki da ruwa mai zafi ƙwarai, da yawan turaren tsuguno, duk suna ƙara bushewar.

Abin da ke taimakawa ya fi wannan sauƙi. Ki yi tsarki da ruwa zalla mai ɗumi-ɗumi, daga waje kawai, ki sa kamfai na auduga. A lokacin saduwa ki yi amfani da man santsi mai asalin ruwa wanda ake sayarwa a kantin magani, kuma ba abin kunya ba ne ki aiki maigida ya sayo. Tsabtataccen man kwakwa ko man kaɗanya da ba a haɗa shi da turare ba yana yi wa wasu mata amfani a shafa daga waje, sai dai ki fara gwada kaɗan ki ga ko fatarki ta karɓa, kuma ki sani cewa duk wani mai yana lalata kwaroron roba. Ki yi wa mijinki bayani a lokacin da hankalinsa ke kwance cewa jiki yanzu yana buƙatar lokaci da lallashi fiye da da, domin namiji da yawa yakan ɗauki janyewar matarsa a matsayin ƙiyayya alhali zafi take gudu. Idan duk wannan bai wadatar ba, akwai man istirojin da likita ke rubutawa a shafa a wurin, wanda kaɗan ne ƙwarai daga cikinsa ke shiga jini, kuma yana aiki sosai.

Macen da ta yi haihuwa da yawa takan fuskanci ɗigar fitsari idan ta yi tari ko atishawa ko dariya, abin da ke dagula mata alwala da tufafin salla. Maganinsa na farko shi ne ƙarfafa tsokar da ke riƙe fitsari. Ki matse ta kamar mai son riƙe fitsari da iska, ki ƙirga biyar, ki saki ki ƙirga biyar, ki yi haka sau goma, sau uku a rana, kina zaune ko kina kwance, ba a lokacin da kike fitsarin ba. Sai an yi kimanin wata uku ana yi kafin a ga amfaninsa sosai. Ki kuma tuna cewa muddin al'ada tana zuwa, ko da jefi-jefi ne, ciki yana iya shiga. Mai son kauce wa hakan ta ci gaba da tsarin tazarar haihuwa da take bi har shekara biyu bayan jinin ƙarshe idan ba ta kai 50 ba, ko shekara ɗaya idan ta haura.

Saurin fushi da kuka ba dalili da faɗuwar gaba da mantuwa suna cikin alamomin, kuma sanin hakan kaɗai yakan sauke wa mace nauyi, domin da yawa sukan zaci imaninsu ne ya yi rauni ko an yi musu sammu. Ki gaya wa mutanen gidanki abin da kike ciki, ki samu ƙawa ɗaya ko biyu sa'anninki da za ku riƙa magana a buɗe, kada ki janye daga makaranta da zumunci. Azkar da karatun Alƙur'ani a natse suna kwantar da zuciya, kuma ba su hana neman magani. Nakan tuna cewa jajin da Nana Asma'u ta ɗora wa malfa ta tura ƙauyuka su karantar da mata a ƙarƙashin 'Yan Taru manyan mata ne, waɗanda reno ya sake su, kuma da irin shekarun nan ne suka yi aikin da har yau ake ambatonsa. Amma idan baƙin ciki ya zauna miki fiye da mako biyu, kika daina jin daɗin komai, ko tunanin cutar da kanki ya fara zuwa miki, ki ga likita ba tare da jinkiri ba.

Game da jiƙe-jiƙe da saiwoyi, ra'ayina shi ne a yi taka-tsantsan. Hulba da habbatus sauda an yi ƙananan gwaje-gwaje a kansu, gwargwadon abin da ake sawa a abinci ko shayi ba shi da laifi ga yawancin mutane, amma hulba tana iya saukar da sukarin jini, don haka mai shan maganin suga ta kula. Wani tsiro na Amurka mai suna black cohosh da ake tallatawa a intanet bai tabbatar da amfaninsa a manyan gwaje-gwaje ba, an kuma samu rahotannin lalacewar hanta ga wasu da suka sha shi. Duk haɗin da aka ba ki a gora ko ƙullin leda ba tare da an faɗi abin da ke ciki ba, ki bar shi, domin hanta da ƙoda su ne ke biyan kuɗin kuskuren. Wanda ke cikin kwali ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma ki gwada abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Akwai alamomin da ba a yi musu dabarar gida. Duk jinin da ya zo bayan an yi wata 12 babu al'ada, ko ɗigo ɗaya ne, yana buƙatar bincike, domin yana iya zama alamar farko ta ciwon dajin mahaifa, wanda ake warkewa daga gare shi idan an kama shi da wuri. Haka jini bayan saduwa, da jinin da ke jiƙe ƙunzugu duk sa'a ko ya wuce kwana bakwai, da ƙululu a nono, da ciwon ƙirji, da ɗaukewar al'ada kafin shekara 40. Zufar dare da ta zo tare da rama da tarin da ya wuce mako biyu tana iya zama tarin fuka, kuma bugun zuciya da rawar hannu da rama suna iya fitowa daga ƙwayar maƙogwaro da ke haddasa maƙoƙo. A cikin gari akwai sashen kula da mata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, na ƙauye kuma ta fara da asibitin da ya fi kusa da ita a tura ta gaba. Idan zafin ya hana ki barci da aiki duk da ƙoƙarinki, ki tambayi likita game da maganin mayar da sinadarin da ya ragu, domin shi ne mafi ƙarfin abin da aka sani a kan zafin jiki, kuma ga mata da yawa da ba su kai shekara 60 ba amfaninsa ya rinjayi haɗarinsa, sai dai bai dace da wadda ta taɓa yin dajin nono ko daskarewar jini ko shanyewar ɓarin jiki ba. Ranar zuwa asibiti ki ɗauki littafinki, ki zuba duk magungunan da kike sha a leda, na asibiti da na gargajiya, ki ajiye su a gaban likita, sannan ki nemi a auna miki hawan jini da suga kafin ki fito.